Likita ya ce sai an sa wa ƙanena ƙarfe a idon sawu, Baba kuma ya ce a kawo shi gida a yi ɗori

Sadauki Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka san harkar ƙashi ko suka taɓa shiga irin wannan halin su taimaka min da shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 24, aikin sauke kaya yake yi a nan kasuwar Mile 12. Ranar Talatar da ta wuce suna sauke kwandunan tumatir daga tirela bayan an ɗauke ruwa, ko'ina santsi, ya zo dirowa da kwando a kai sai ƙafar dama ta zame ta murɗe a ƙarƙashinsa ya faɗi a kanta. Lokacin da aka kira ni na iso na tarar tafin ƙafar ya juya waje, idon sawun ya karkace, ko taɓawa ba ya bari a yi. Alhamdulillahi dai fata ba ta fashe ba, babu jini. Muka sa shi a keke napep muka kai wani asibitin kuɗi da ke kusa, aka yi hoto, likitan ya yi masa allura ya ja ƙafar ya miƙar da ita, ya sa masa siminti rabi ta baya kawai ya naɗe da bandeji. Sai ya ɗaga hoton ya nuna min, ya ce ƙasusuwa biyu ne suka karye, na ciki da na waje, kuma gaɓar ta goce, wai siminti kaɗai ba zai riƙe ta ba sai an yi tiyata an sa ƙarfe da kusoshi. Amma kuma ya ce ba yanzu ba sai kumburi ya sauka, ya rubuta mana takarda mu je babban asibitin ƙashi.

Toh nan ne matsalar take. Na kira Baba a gida Malumfashi na faɗa masa, ya ce sam shi bai yarda a yanka masa ɗa ba, in sa shi a mota in kawo shi, akwai mai ɗori a wajenmu da ya gaji abin tun kaka da kakanni, har manyan mutane daga Katsina suna zuwa wurinsa. Inna kuma kuka kawai take yi a waya, wai ta ji an ce duk wanda ya shiga asibitin ƙashi da ƙafa ɗaya yake fitowa. Shi kansa yaron tsoro ya cika shi, abokansa sun zo dubiya kowa da abin da yake faɗa, wani ya ce ƙarfen yana tsatsa a jiki, wani ya ce in damina ta zo ba zai yi barci ba saboda sanyi, wani ma cewa ya yi allurar bayan da ake yi tana kashe wa mutum ƙarfin mazantaka, kuma yaron nan bikinsa ake shirin sa wa rana.

Ni abin da ban gane ba, in har abin gaggawa ne me ya sa likita ya ce a jira, in kuma za a iya jira me zai hana a gwada ɗorin tukuna in bai yi ba sai a dawo asibiti? Sannan ƙafar ta fito da bororo guda biyu manya kusa da idon sawun, masu ruwa a ciki, shi ma yana ba ni tsoro. Kuma wanda aka sa wa ƙarfen nan yana iya komawa ɗaukar kaya? Domin da ƙafar nan yake ci yake sha, har ya aika gida. Ba na son in saɓa wa Baba, ba na kuma son in zama sanadin nakasar ɗan'uwana.

Baban Khairat Agege:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ni da nake maka rubutun nan akwai ƙarfe a idon sawuna na hagu, falanki ɗaya dogo ta waje da kusoshinsa, da wasu kusoshi biyu ta ciki. Lokacin ina acaɓa ne kafin gwamnatin Legas ta hana a Ikeja da Surulere da sauransu a 2022, motar haya ta danfo ta goge ni na faɗi mashin ya danne min ƙafa. Irin karayar ƙanenka ce sak.

Bari in faɗa maka yadda aka yi min don ka kwantar masa da hankali. An ce kar in ci komai tun dare. Da safe aka tura ni ɗakin tiyata, aka ce in zauna in sunkuya in rungumi filo, aka yi min allura a baya, zafinta bai wuce na allurar da ka sani ba, sai na ji ɗumi yana bin ƙafafuna har suka yi nauyi na kasa ɗaga su. Idona biyu aka yi aikin, an dai sa labule a ƙirjina ba na ganin komai, ina jin ƙarar injin da suke huda ƙashi da shi amma ba zafi ko kaɗan. Zuwa la'asar ƙafafuna suka dawo. Maganar mazantaka kuwa ka ce masa bayan aikin nan aka haifa min Khairat da ƙanenta, wannan surutun majalisa ne kawai.

Gaskiyar da zan faɗa maka, wahalar ba a tiyatar take ba, a bayanta take. Daren farko da allurar ta sake ni na sha zafi, sai da aka ƙara min magani. Sannan zaman da za ka yi ba ka taka ƙafar, ni sati shida aka ce min ko yatsa kar ya ɗauki nauyi, da sanduna biyu nake tafiya, kuma ka san gidajenmu na haya a nan, bayi ɗaya na kowa da kowa, na tsuguno, ƙasa kullum a jiƙe. Sai da aka samo min kujerar roba aka huda tsakiyarta. Wanka kuma leda nake sa wa ƙafar in ɗaure a gwiwa in ɗora ta a kan bokiti. Ku tanadi wannan tun kafin a sallame shi, don zamewa ɗaya a bayi tana iya ɓata aikin gaba ɗaya.

Da aka cire simintin ƙafar ta rame ta yi siriri, fata tana saɓa, gaɓar ta ƙage ba ta lanƙwasuwa, na tsorata ƙwarai. A sashen gashin ƙashi aka koya min motsa ta, in sa tawul a tafin ƙafa in riƙa jawowa, in tsaya jikin bango in riƙa tura gwiwa gaba diddige na ƙasa. A hankali ta saki. Kumburin yamma kam ya daɗe yana min, wata da watanni, in na wuni a tsaye sai takalmi ya matse.

Yanzu ina dako a wani shagon siminti da rodi, ina ɗaukar buhu, ina sallah a tsaye da zaman tahiya kamar kowa. In an yi ruwa sosai ko hunturu in na je gida ina ɗan jin tsami a wurin, ba wani abin da zai hana ni barci ba. Tsatsa kuma babu, ba irin ƙarfen maƙera ba ne. Ka kai shi asibitin ƙashi na Igbobi ko asibitocin koyarwa na LUTH ko LASUTH, duk wanda ya fi maka sauƙi, ku je da sassafe da hoton da takardar da aka ba ku.

Alhaji Na-Rago, Alaba:

Yaro Allah ya sawwaƙe. Ni dattijo ne zan faɗi tawa ko ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Kar ku raina mahaifinku, ba jahilci ne ya sa ya faɗi haka ba, abin da ya gani da idonsa ne. Mu mun tashi ba mu san asibitin ƙashi ba, ni kaina sa ya taɓa take min hannu a kara ya karye, mai ɗori ya ɗora min da karare da tsumma, ga hannun nan har yau ina kama rago da shi. Masu ɗorin gado na gaskiya suna da baiwa, kuma ba sa tsawwala wa talaka, abin da ka samu shi za ka bayar. Asibiti kuwa kafin a taɓa ka sai an ce kawo kaza kawo kaza, mutumin da yake sauke tumatir ina zai samo?

Amma kuma zan faɗi gaskiya saboda Allah. A cikin yaranmu na nan kasuwa na ga waɗanda aka kai gida ɗori suka dawo garau, na ga waɗanda suka dawo suna ɗingishi har yau, kuma da na lura yawancin masu ɗingishin a gaɓa abin ya same su, gwiwa ko idon sawu ko gwiwar hannu. Wani tsohon mai ɗori da na sani a Sakkwato, Allah ya jiƙansa, in an kawo masa karayar da ta shiga gaɓa ko wadda ƙashi ya fasa fata, cewa yake ku tafi asibiti wannan ba tawa ba ce. Irin su ne suka yi ƙaranci yanzu, kowa ya sayi man zafi ya ce shi mai ɗori ne.

Shawarata kar ka yi jayayya da Baba a waya. Ka samu wani babba da yake jin maganarsa, ƙanensa ko limamin unguwarku, ka tura masa hoton a WhatsApp a nuna masa. Maganar kuɗi kuma ka je wurin shugabannin 'yan tumatir na Mile 12, a kan aiki ya ji ciwon, ba roƙo ba ne haƙƙinsa ne a taimaka.

Anti Nas:

Sannu Malam Sadauki, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu karaya, ban ga hoton ba don haka maganar likitan da ya duba shi ita ce gaba, amma zan yi maka bayanin abin da ya sa ya faɗi haka. Kuma Baba Alhaji Na-Rago ya taɓo ainihin wurin, Allah ya saka masa.

Idon sawu ƙasusuwa uku ne suka haɗu. Akwai babban ƙashin ƙwauri, ƙarshensa shi ne tudun nan na ciki da kake taɓawa, akwai siririn ƙashin da ke gefensa, ƙarshensa shi ne tudun waje, sai na uku a ƙasa da ya shige tsakaninsu, shi yake karɓar nauyin jiki duka ya miƙa wa tafin ƙafa. Biyun na sama su suke riƙe shi daram hagu da dama. In ɗaya ne kawai ya tsage, na waje misali, kuma na ƙasan bai motsa daga mazauninsa ba, wallahi ba ma a yin tiyata, siminti ko takalmin roba mai tauri ake sawa ya warke. Ba kowace karayar idon sawu ake yanka ba. Amma in duka biyun suka karye ba abin da ya rage yana riƙe gaɓar, ko an ja an gyara an ɗaure, da kumburi ya sauka ɗaurin ya yi sako-sako sai ta sake zamewa a ciki ba wanda ya sani.

Kuma zamewar ba sai ta yi yawa ba. Akwai binciken da aka yi tun 1976 da har yau ake koyar da shi, an gano in ƙashin ƙasan nan ya goce gefe da milimita 1 kacal, wurin da ƙasusuwan suke haɗuwa yana raguwa da kusan kashi 42 cikin 100. Wato nauyin mutum gaba ɗaya ya koma kan ɗan ƙaramin wuri, guringuntsin da ke shimfiɗe a gaɓar ya riƙa cinyewa, kamar tayar motar da saitinta ya goce, tana tafiya lafiya lau amma gefe ɗaya take ci har ta ƙare. Milimita 1 kuwa ba hannun da zai ji ta ta cikin kumburi, komai gwanintar mai shi. A ɗakin tiyata ana buɗewa a ga ƙashin da ido, a mayar da shi, a ɗaure da ƙarfe, a kuma duba da na'urar hoto kafin a ɗinke. Shi ƙashi zai haɗe ko a wurin mai ɗori ko a asibiti, Allah ne ke haɗa shi, abin tambaya a wane mazauni zai haɗe. Karayar tsakiyar hannu irin ta Baba Alhaji ko ta ɗan karkace kaɗan jiki yana ɗauka, gaɓar da ake takawa ba ta ɗauka.

Maganar me ya sa aka ce a jira, saboda fata ne ba saboda ƙashi ba. Idon sawu ba shi da tsoka, fata ce kawai a kan ƙashi, in aka yanka ta tana kumbure tana sheƙi ba za ta ɗinku ba, ɗinkin ya buɗe ƙarfe ya fito fili ƙwayoyin cuta su shiga, wannan kuma babbar masifa ce. Shi ya sa ko dai a yi aikin da wuri kafin kumburi ya taso, ko a jira ya sauka, yawanci sati ɗaya zuwa biyu, har sai an matsa fatar an ga tana yin tamoji. Bororon nan ma kumburin ne ya kawo su, dan Allah kar a fasa su da allura ko reza, kar a shafa man zafi ko toka ko wani garin magani, ku nuna wa likita. Abin da zai taimaka shi ne ya kwanta ya ɗora ƙafar a kan filo biyu ko uku ta fi ƙirjinsa tudu, dare da rana, ba ya zauna a benci yana hira ƙafa na lilo ba.

Amma jiran nan yana da iyaka, kuma nan ne amsar tambayarka ta a gwada ɗori tukuna. Bayan kamar sati uku ƙashi ya fara kamawa. In ya kama a karkace, aikin da zai zama mai sauƙi ya koma sai an sake karya shi an kankare, kuɗi ya ninka, sakamakon kuma ba ya kai na farko kyau. Ba abu ne da ake gwada wannan in bai yi ba a koma wancan ba.

Ita kuma Inna a faɗa mata da lallashi, likita ba ya yanke ƙafa saboda irin wannan karayar matuƙar jini na zagayawa a cikinta. Waɗanda ake yanke wa yawancinsu sun iso ne bayan an ɗaure musu ƙafa tamau a kan kumburi, jini ya kasa wucewa, suna ihu ana ce musu su daure ɗori ne ke kamawa, har yatsu suka yi baƙi suka fara wari. Na karɓi irin waɗannan da hannuna, har da yara ƙanana, abin ba ya fita daga ran mutum. Sai a koma gari a ce asibiti sun yanke masa ƙafa. Ko wannan simintin da ke ƙafarsa yanzu, in ya ce zafi na ƙaruwa magani ba ya yi masa, ko yatsu sun yi sanyi, sun canza launi, ko ba ya jin su, kar ku jira gari ya waye, ku koma asibiti a sassauta.

Ƙarfen kuma na musamman ne da ba ya tsatsa, wani ma taitaniyom ne, mutane da yawa da shi suke rayuwa har ƙarshe. In yana damun mutum, misali takalmi na gogar sa tunda fatar wurin siririya ce, ana iya cirewa bayan ƙashi ya gama warkewa, galibi bayan shekara.

Maman Sadiq Idi-Araba:

Malam ka ji maganar Anti Nas da kyau. Ƙanen maigidana direban tanka ne a Apapa, ya faɗo daga saman tanki irin haka, 'yan'uwa suka taru suka ce gida, aka kai shi aka yi ɗori. Ya warke fa, ya dawo yana takawa har aka yi walima, sai dai in ka kalle shi ta baya za ka ga diddigen ya ɗan kauce waje, takalminsa ma gefe ɗaya yake cinyewa. Ba a fi shekara biyu ba ya fara kukan ciwo, da asuba sai ya dafa bango kafin ya isa wurin alwala, taka kuloci ya gagare shi, ya koma shan maganin kashe zafi kamar gyaɗa har ya samu gyambon ciki. Da aka je asibiti aka yi hoto likita ya ce guringuntsin ya ƙare ƙashi na gogar ƙashi, gyaran farko ya wuce, abin da ya rage sai a haɗe gaɓar gaba ɗaya da kusoshi ta daina motsi. An yi masa, kuma gaskiya ciwon ya tafi ya samu barci, yana tafiyarsa, amma idon sawun ba ya lanƙwasuwa, tsuguno ba ya yi masa daɗi, hawa gangare da wahala, babbar mota kuma ya haƙura da ita. Mutum mai 'ya'ya biyar. Kuɗin da aka guda tun farko sai da aka kashe fiye da shi.

Ni ba na zagin masu ɗori, kakana ma yana yi. Amma dan girman Allah wannan ta gaɓa ce, kuma yaro ne ko aure bai yi ba. In kun zo LUTH mu nan Idi-Araba Hausawa ne cike, abinci da wurin sallah ba za su yi muku wuya ba.

Sadauki Mile 12:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji na bi shawararka, na kira Kawu ƙanen Inna wanda ya yi aikin gwamnati, na tura masa hoton da bayanin Anti Nas ya je ya karanta wa Baba. Baba ya ɗan sauko, amma ya ce in dai sai an yi to a kawo shi asibitin ƙashi na Dala a Kano inda za su iya zuwa su gan shi su yi jinyarsa, shi bai yarda a yi wa ɗansa aiki a inda ba ya kusa ba. Anti Nas ya kike gani, zai iya wannan tafiyar a mota? Sannan ban faɗa ba ɗazu, yana shan sigari, ban sani ba ko da matsala. Kuma ya dame ni da tambayar alwala da sallah, tun ranar a kwance yake yi yana taimama, hankalinsa bai kwanta ba.

Malam Na Zango:

Allah ya ba shi lafiya. Ka ce masa addini bai ƙuntata masa ba. Ya yi alwalarsa yadda ya saba, ya wanke ƙafar hagu, in ya zo kan ta dama ya jiƙa hannu ya shafa a kan bandejin sau ɗaya, shafa kawai ba zuba ruwa ba, wannan shi ne hukuncin shafa a kan ɗauri kuma ya isar masa har ranar da za a cire. Tunda sauran gaɓoɓinsa lafiya suke kuma ruwa ba ya cutar da su, a riƙa kawo masa buta da roba kusa da shimfiɗa. Sallah kuma in ba zai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, ya miƙe ƙafar yadda likita ya ce, ya yi nuni da kai a ruku'u da sujada, na sujada ya fi ƙasa. In zaman ma yana ƙara masa kumburi ya yi a kishingiɗe. Neman magani a wurin wanda ya san aikin kuma ba ya cin karo da tawakkali, ku faɗa wa Baba haka cikin ladabi.

Anti Nas:

Alhamdulillah da Baba ya sauko. Dala asibitin ƙashi ne na gwamnatin tarayya kamar Igbobi, tun 1959 yake aiki, wannan aikin kullum suna yin sa, ba maganar wanne ya fi ba ce. Damuwata hanyar ce. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, a luksuriya kwana ake yi a zaune ƙafa a ƙasa, kumburin da ake jira ya sauka sai ya dawo sabo, ga bororo, ga shi mai karaya da ya daɗe a zaune ba motsi jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa, gudan ya tafi huhu, wannan yana kisa. Sannan in kun isa sai an buɗe sabon kati an bi layi, kwanaki na tafiya. Ni da za a bi tawa a yi aikin a nan, Inna ko Kawu wani ya taho, in an cire zare bayan kamar sati biyu likita ya duba ya ce ba laifi, sai ya tafi gida ya yi zaman jinyar a gabansu, a ba shi takarda ya ci gaba da ganin likita da gashi a Dala ko Katsina. In kuma Baba ya dage, to kar ku tashi sai likitan ƙashi ya gan shi ya amince, ku tambaye shi maganin hana daskarewar jini, a samu mota da zai miƙe ƙafar a kan kujera.

Sigari kuwa matsala ce babba, ya ajiye daga yau. Tana matse ƙananan hanyoyin jini, ɗinki ya ƙi kamewa, ƙashi ya yi jinkirin haɗewa, kuma ya faɗa wa likita gaskiya, har in akwai wani abin da yake sha don ƙarfin aiki, mai allurar barci yana bukatar ya sani, ba don a kunyata shi ba. Za a gwada jininsa da suga kafin aiki. Ya ci abinci sosai, wake, ƙwai, kifi, nono, nama in an samu.

Kuɗi kuma ku ce a rubuta muku kiyasi a takarda, na ƙarfe daban na aiki daban na gado daban, don ƙarfen daga waje ake kawo shi farashinsa na bin dalar Amurka. Ku biya a inda ake ba da rasit kawai, kar ku ba wani a baranda wai zai taimaka muku. Asibitocin gwamnati suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, ku nemi wurin ku yi musu bayani, in kuma yana da katin inshorar Ilera Eko ku tafi da shi. Ɗaukar kaya kar ya sa rai kafin wata huɗu zuwa shida, shi ma sai likita ya ga hoto ya sallame shi, don haka ku yi magana da shugabanninsa a samo masa aikin zaune a rumfa kafin lokacin. Gobe in za ku fita ku sa shi a kujerar baya ya miƙe ƙafar a kan filo, kar ku hau da shi mashin.